Abin da Mai Shara Ta Ji a Cikin Kwamfuta

Shekara ashirin da uku Gwaggo ta yi tana share ofishin masu awon filaye, kuma ba a taɓa yin ranar da wani ma'aikaci ya riga ta shiga ba. Ƙarfe shida na safe take karɓar makulli a hannun maigadi, ta hau bene da bokitinta da mofa da tsumma a kafaɗa. Kowa Gwaggo yake ce mata, daga masinja har Shugaban ofis, har da waɗanda suka ba ta shekara goma. Gajeriya ce, siririya, ba a jin takunta, ba ta kuma da yawan magana. Abu ɗaya mutane suka fi lura da shi: takan karkata kai gefe tana tsakiyar aiki, kamar wadda aka kira daga nesa.

Wannan karkata kai a wurin mahaifinta ta samo shi. Shi ne mai kula da injinan tura ruwa a gidan ruwan garinsu, manyan injina uku a wani ɗaki mai dogon rufi da kullum ƙasansa a jiƙe yake. Tana 'yar shekara bakwai ita ce mai kai masa abincin rana. In ya gama ci, sai ya ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a bayan kunnen yarinyar.

"Rufe ido," yakan ce mata. "Me kika ji?"

"Ƙara, Baba."

"Ƙara ai kurma ma ya san ana yi. Shiga cikinta. Akwai mutane da yawa a cikin ƙarar nan, kowa da abin da yake faɗi."

Sai da ta yi watanni kafin ƙarar ta fara rabuwa a kunnenta. Ta soma jin bugun da ke ƙasa daban, zuƙar ruwa daban, da wani ɗan siririn kuka da boris, ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, yake yi in yana ƙishin mai. Mahaifin yakan ce inji ba ya mutuwa bai yi sallama ba, sai dai a rasa mai amsa masa. Ba a sa ta makaranta ba, ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, amma kafin ta kai sha biyu tana iya tsayawa daga bakin ƙofa ta ce na tsakiya ne ba ya jin daɗi yau.

Da ta yi aure, direban babbar mota ta aura. Maƙwabta sun sha yi mata tsiya, don takan miƙe ta ɗora ruwan wanka alhali ba wanda ya ji komai, sai can bayan an daɗe motar ta kunno kai layin. Wata safiya yana ɗumama inji ta ce masa ƙafar motar ta baya ta hagu tana ƙorafi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yaushe aka fara gyaran mota daga bakin murhu. Bayan kwana uku ya dawo a bayan motar wani, tasa tana can a daji an tokare ta da duwatsu. Tun daga nan bai ƙara yin tafiya ba sai ya tayar da mota ya leƙo gida ya ce, "Uwar gareji, fito ki ji mana." Rashin lafiya ta 'yan kwanaki ta ɗauke shi, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu ƙanana. Da haka ta samu aikin shara.

Ofishin ɗaki uku ne. Akwai na Shugaba, akwai ɗan ƙarami na Sakatariya, sai babban ɗaki mai faffaɗan teburan zane da kabad-kabad cike da naɗaɗɗun taswirori. Lokacin da ta fara aiki babu kwamfuta ko ɗaya. A gabanta aka shigo da su ɗaya bayan ɗaya har suka kai bakwai, da wata ƙatuwar firinta mai fitar da taswira kamar tabarma. A kusurwa, ƙarƙashin wani tebur da ba mai zama a kai, akwai wata tsohuwar kwamfuta ruwan toka da ba a kashe ta dare da rana. An manna mata takarda a goshi. Gwaggo ba ta iya karanta takardar ba, amma an gaya mata cewa kada a taɓa aka rubuta, domin duk awon da ofishin ya yi cikin shekara goma sha biyar a cikinta yake.

Awa biyun nan na safe, daga shida zuwa takwas, kafin titi ya farka, su ne nata. Ba motsin kowa sai na na'urori. Ta san gunjin ƙaramin firiji, ta san zizar dogon ƙwan lantarki na bakin taga, ta san numfashin kowace kwamfuta kamar yadda uwa ta san na 'ya'yanta suna barci. Har suna ta raɗa musu a ranta. Akwai Mai Haki, akwai Amarya da ta zo daga baya ba ta cika magana ba, ta kusurwa kuwa Tsohuwa take ce mata.

Wata Talata tana durƙushe tana goge ƙafar teburin kusurwa sai ta ji wani abu: ƙyas. Ƙarami ne ƙwarai, kamar an ƙyasta farce a jikin kofin gilashi. Ta tsaya da tsumma a hannu. Shiru. Ta ƙirga numfashinta har goma sha biyu, sai ga shi kuma, ƙyas-ƙyas, sannan wani siririn zuuu kamar abu ya tashi da gudu ya fasa. A duk shekarun da ta yi da Tsohuwa ba ta taɓa jin wannan a bakinta ba.

Da Sakatariya ta iso ƙarfe takwas, Gwaggo ta tare ta tun ba ta ajiye jaka ba.

"'Yar nan, zo ki ji. Waccan ta kusurwa tana wani irin kuka."

Sakatariya mace ce mai kirki, sa'ar babbar 'yar Gwaggo. Ta je ta sunkuya ta kasa kunne. A lokacin an kunna fankokin sama, motoci sun cika titi, mai walda na ƙasan bene ya fara aiki.

"Ni dai ban ji komai ba, Gwaggo. Ko ƙadangare ne ya shiga bayan kabad?"

"Ƙadangare ba ya ƙirga lokaci," in ji Gwaggo.

Sakatariya ta yi dariya, ta ce za ta faɗa, ta kuwa manta. Laraba tazarar ta ragu zuwa numfashi tara. Alhamis bakwai. Ran nan Gwaggo ta koma gida ta kasa cin abinci, har ƙaramar 'yarta ta tambaye ta ko wani ne ya ɓata mata rai a wurin aiki. Ta ce a'a, kwamfuta ce ba ta da lafiya. 'Yar ta dube ta ta ce, "Inna, ke da ko wayarki sai an danna miki?"

Litinin da safe ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta kama aiki. Ta jira Shugaba ya zauna, ta ƙwanƙwasa ƙofarsa ba tsintsiya a hannunta. Dattijo ne mai furfura, kullum tabarau a goshi yana nemansa a tebur.

"Ranka ya daɗe, Tsohuwa ce ba lafiya."

Shugaba ya ajiye biro da sauri. "Subhanallahi! Tun yaushe? Ai da kin aiko kawai. Je ki, je ki, ki kai ta asibiti, shara ba za ta gudu ba."

"Ba ta gida ba, ranka ya daɗe. Ta ofis. Waccan da aka ce kada a taɓa."

Shugaba ya dube ta. Da wani ne ya zo da wannan magana da ya sallame shi da wasa. Amma matar da ta shekara ashirin da uku ba ta taɓa roƙonsa komai ba, ba za ta tsaya masa a ƙofa a banza ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ya ɗaga waya ya kira mai gyara.

Mai gyaran ya iso bayan azahar. Likita suke ce masa a ofisoshin unguwar, wani mai ƙiba ɗan kimanin shekara arba'in, mai fara'a, da jakar kayan aiki da ta sha duniya. Ya jawo Tsohuwa fili, ya kwance kusoshi biyu, ya zame murfin gefe. Lokacin tashin Gwaggo ya wuce tuni, amma ta ƙi tafiya. Ta matso ta leƙa, sai ta kama baki.

Ita a zatonta cikin kwamfuta kamar cikin inji ne, ƙarafa da baƙin mai. Sai ga wani koren allo shimfiɗe, an ja masa layuka sirara ɗaruruwa, suna tafiya tare, suna karya kwana tare, suna rabuwa. Ga ƙananan gidaje baƙaƙe a jere, ga dogaye masu kama da tankunan ruwa, ga wani babba a tsakiya da fanka a kansa. Sak taswirorin da take kaɗe wa ƙura kullum.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ashe gari ne a ciki."

"Gari guda, Gwaggo," in ji Likita, "kuma shararsa ta fi ƙarfinki." Ya nuna mata ƙurar da ta daskare a jikin fankoki kamar bargo.

Daga nan ya shiga aiki, yana yi yana bayani, don mutum ne mai son a kalle shi yana aiki. Ya ce abin da ke motsi ne kawai yake ƙara, kuma masu motsi a cikin akwatin nan ba su da yawa: fanka uku da faifan ajiya. Saboda haka sai a bi su ɗaya-ɗaya. Ya sa ɗan yatsa a tsakiyar fankar da ke kan babban gidan nan, ta tsaya na ɗan lokaci, ƙara ba ta canza ba. Ya saki. Ya taɓa ta baya, nan take wani gurnani da ya cika akwatin ya ɗauke.

"Ga ɓarawon!" Ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Boris ɗinta ya cinye. Gwaggo ta yi gaskiya."

Ma'aikata suka yi ta tafi suna mata kirari. Likita ya kashe kwamfutar, ya hure ƙura, ya sa sabuwar fanka, ya ɗaure wata waya da ke lilo kusa da fuka-fukan, ya kunna. Tsohuwa ta tashi da sanyin murya kamar an rage mata shekaru. Ya fara mayar da kaya jaka.

Gwaggo ba ta yi tafi ba. Ta bari hayaniya ta lafa sannan ta ce, "Likita, sannu da aiki. Amma ba shi ba ne."

"Ba shi ba ne kamar yaya?"

"Wannan da ka cire minsharinta ne. Shekara biyu ke nan tana yinsa, ba ya hana ta komai. Wanda nake faɗi daga ƙasa yake, ta gaba."

Fara'ar Likita ta ɗan ragu. Wani daga cikin masu zane ya ce a bar Gwaggo ta karɓi sukundireba mana. Ita ba ta kula shi ba. Ta manna harshe a ganɗa ta yi: ƙyas. Ta yi shiru daidai tazarar. Ƙyas-ƙyas. Sannan ta ja iska ta tsakanin haƙora, zuuu, ta yanke shi a tsakiya.

Hannun Likita ya tsaya cak a kan zip ɗin jaka.

"Sake yi, Gwaggo."

Ta sake. Ya zauna a kujera ba tare da ya duba ko akwai kujerar ba, ya jawo allon rubutu, ya buɗe wani abu da ke auna lafiyar faifan ajiya. Kore ya nuna, lafiya lau. Ya sa kunne a jikin akwatin, ba komai sai iskar sabuwar fanka. Ya dubi allo, ya dubi matar.

"Na'ura ta ce ƙalau yake."

"To," in ji Gwaggo. "Ni dai da safe nake ji. Shida da 'yan mintoci."

Likita ya murza haɓa. Sautin da ta yi da bakinta ya san shi, kuma ba sauti ne da mutum zai ƙirƙira bai taɓa ji ba. Ya ce gobe za su haɗu ƙarfe shida.

Da ta iso washegari ta same shi zaune a kan matakala yana hamma, maigadi na masa dariya. Suka shiga tare. Ya hana a kunna fitila da fanka, ya zame murfin, ya ciro doguwar sukundireba ya ɗora bakinta a kan wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke can ƙasa ta gaba, ya manna ƙotar a kunne. Gwaggo ta tsaya tana kallonsa. Rabon da ta ga mutum ya yi haka tun mahaifinta na da rai. Ta juya sandar mofa, ta ɗora kanta a jikin akwatin, ta sa ɗaya kan a bayan kunne, ta rufe ido.

Minti biyar ba abin da ya faru. Likita ya fara gyara tsayuwa.

"Ga shi nan tafe," ta raɗa.

"Ina?"

"Muryar ta sauka. Jira."

Ƙyas. Ƙyas-ƙyas. Zuuu.

Likita ya ɗago, idanunsa sun firfito. Ba jin ƙarar ne ya girgiza shi ba, ya sha jin irinta. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne matar nan ta ji zuwanta tun ba ta zo ba. Sau uku yana gwada ta, sau uku tana ɗaga yatsa kafin ƙyas ɗin ya fito.

"Gwaggo," ya ce, "an ce gani ya kori ji. Yau kam ji ya kori gani, har ya bi shi da jifa."

Ya duba ya gano dalilin safiyar. An saita kwamfutar ta riƙa zagaya ma'ajiyarta kullum ƙarfe shida tana duba komai, to in allurar da ke karanta faifan ta iso inda ya fara lalacewa sai ta yi tuntuɓe, ta koma baya, ta sake gwadawa. Da rana ba a cika bi ta wurin ba. Ya dakatar da zagayen nan take, ya ce kowane tuntuɓe yana rage mata kwana.

Da Shugaba ya iso aka gaya masa, bai damu sosai ba. Ya ce ai akwai kwafi, ya nuna wani ɗan baƙin akwati a kan kabad da aka saya musamman don haka. Likita ya jona shi ya duba. Ashe akwatin ya cika tun shekara uku da suka wuce, tun ranar kuma bai ƙara karɓar komai ba, ba wanda ya lura. Shugaba ya sauke tabarau daga goshi ya riƙe a hannu.

"Fili dubu arba'in ne a ciki," ya ce, muryarsa ba ta fita sosai. "Iyakar wa da ƙani. Iyakar marayu da maƙwabtansu. Na shekarun baya-bayan nan ko takarda ba mu ajiye ba."

Likita ya fito da sabon faifai daga jaka, ashe ya taho da shi tun daga gida, ya fara kwashe kayan, mafi muhimmanci a gaba. Ya ce kada wanda ya taɓa teburin, kada wanda ya buga ƙofa. Aka kashe fankokin sama, mutane suka yi ta aiki cikin zufa suna magana da raɗa kamar gidan mai jinya. Sakatariya ta sauka da kanta ta roƙi mai walda ya ba su aron yini guda.

Sai Likita ya jawo kujera mai taushi, ta baƙin Shugaba, ya ajiye kusa da Tsohuwa.

"Zauna nan, Gwaggo. Ni ina kallon allo, ke ki riƙe min kunne. Da kin ji muryar ta sauka, ki gaya min."

Kujerar nan ta goge ta ya fi sau dubu, ba ta taɓa zama a kai ba. Ta ɗosana a bakin-baki, sanda a kunne. Haka suka yini. In ta ce, "Ta fara gajiya," sai ya dakata, ya bar faifan ya huce, ko ya tsallake wurin ya koma wani. In ta ce, "Ta dawo daidai," sai ya ci gaba. Masinja ya kawo musu shayi ya huce ba wanda ya taɓa. Wajen ƙarfe biyu faifan ya yi wani dogon ƙyas-ƙyas-ƙyas, layin da ke tafiya a allo ya tsaya. Shugaba, da ke leƙe daga ƙofa, ya dafa bango.

"Ta tafi?" in ji Likita.

Gwaggo ta ɗaga masa hannu, ido a rufe. "Tana nan. Tana juyi a hankali. Kada ka matsa mata."

Suka jira. Can layin ya motsa.

Biyar saura aka gama. Cikin dubban fayiloli, goma sha ɗaya ne kawai suka ƙi fitowa, su ma tsofaffi ne da ke da takarda a kabad. Washegari da safe Gwaggo ta shigo, ta tarar Likita ya bar tsohon faifan a jone don ya ga iya kwanansa. Tana tsaye faifan ya yi ƙyas sau uku, ya ja wani dogon zuuu da ya yi ta sirancewa har ya ɓace. Bai sake tashi ba.

Ran nan Shugaba ya tara ma'aikata. Shi ba gwanin jawabi ba ne. Ya miƙe tsaye, ya dubi Gwaggo ya ce, shekara talatin yana awo da na'urori masu tsada, bai san mafi kyawun na'urar ofishin nan ita take riƙe da makulli ba. Ya ce daga yau duk Litinin, kafin ya duba kowace takarda, Gwaggo za ta fara shigowa ta gaya masa abin da ta ji. Mai zanen nan da ya yi mata ba'a ya zo ya durƙusa har ƙasa ya ce ta yafe masa. Ta ce ya tashi kada ya ɓata mata wurin da ta goge.

Kafin Likita ya tafi ya kira ta gefe. Ya ce tunda faifan ya riga ya mutu, bari ya nuna mata wanda ta yi jinya. Ya kwance ƙananan kusoshi ya ɗaga murfin. A ciki akwai wani faranti zagayayye, bai kai tafin hannunta ba, yana sheƙi fiye da duk madubin da ta taɓa gani. Ta ga fuskarta a ciki, har da zanen tsufa na gefen ido. Wani siririn hannu na ƙarfe ya miƙo a kansa.

"Wannan farantin," in ji Likita, "yana juyawa sau dubu bakwai da ɗoriya a minti ɗaya. Wannan allurar kuma ba ta taɓa shi. Shawagi take a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ko gashin kai ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Ga inda ta fara gogarsa." Ya nuna wani ɗan zobe da sai an karkata shi ga haske ake gani.

Gwaggo ta daɗe tana kallo. Babu rubutu a kai, babu zane, babu ko ɗigo.

"Duk filayen mutane a nan suke? Da gidajensu, da iyakokinsu?"

"Duka."

"Shekara goma sha biyar yana gudu bai huta ba, ina share gefensa." Ta girgiza kai. "Wanda ya ba ɗan Adam wannan hikima, Shi ne abin tsoro."

"Ni kuwa," in ji Likita, "wanda Ya yi kunnen da ya ji ciwon wannan abu ta cikin ƙarfe, da sandar mofa, Shi nake tunani tun jiya."

Ya ba ta farantin. Ta naɗe shi a gefen mayafi ta kai gida, 'ya'yanta suka yi ta karɓa suna duba fuska.

Daga nan Likita ya ɗauki al'adar zuwa ɗaukarta ranar Asabar zuwa shagonsa, wani ɗaki mai tsawo a bayan layin masu sayar da wayoyi, kwamfutoci jibge har rufi. Yakan jera mata waɗanda suka gagare shi, ya kunna su ɗaya-ɗaya. Ita ba ta san sunan komai ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Sai dai ta ce, "Wannan wani abu ne ke taɓa fanka," ko "Wannan daga akwatin wuta ne, yana ziza kamar ƙudan zuma, kada ka bar shi a jone," ko kuma "Wannan lafiyarta ƙalau, murfin ne bai zauna ba, mai ita ne mai tsoro." Shi ya koya mata ma'anar ƙarar da kwamfuta ke yi in an kunna ta ta ƙi tashi, gajere da dogo, ta haddace su a yini ɗaya. Masu gyara na layin suka fara sallama suna shigowa da nasu a hammata. Ba kullum take dacewa ba, ta kuma fi kowa saurin cewa, "Wannan ban san shi ba." Ƙaramar 'yarta takan ce wa ƙawaye, uwarta injiniya ce, sai dai har yanzu ita ke danna mata waya.

Shekara huɗu bayan haka gwiwoyi suka hana ta hawa bene, ta ajiye aiki. A makonta na ƙarshe aka kawo sababbin kwamfutoci ofis, Likita ne ya zo haɗawa. Ƙanana ne, kowace ba ta fi littafi ba. Ya ɗora ɗaya a tebur ya kunna, yana murmushin mugunta.

"Gwaggo, yau na kawo miki wadda ta fi ƙarfinki. Ba fanka, ba faifai. Babu abin da ke motsi a cikinta ko ɗaya."

Ta matso ta karkata kai. Ta daɗe a haka, har ya fara tausayinta.

"Ai na gaya miki. Wannan kurma ce, bebiya."

"Yi shiru," ta ce. "Taɓa wancan abin da kuke turawa da hannu."

Ya tura mawus ɗin.

"Yauwa. Tana magana. Siririya ce ƙwarai, kamar sauro a ɗakin maƙwabta. In ka tura sai ta hau, in ka bari sai ta sauka."

Likita ya manna kunnensa a jikin na'urar har ya yi zafi, bai ji komai ba. Ya kira Sakatariya, ita ma haka. Ya ce Gwaggo ta juya ta fuskanci bango. Ta juya. Ya tura a hankali.

"Ka tura."

Ya tsaya.

"Ka bari."

Ya ɗaga hannu sama ya yi kamar zai taɓa, bai taɓa ba. Shiru. Ya sa ɗan yatsa ɗaya ya gusa shi kaɗan.

"Yanzu ka tura, amma da tsoro."

Sakatariya ta saki salati. Likita ya ja da baya ya zauna a bakin tebur. Can ya ce shi dai ya taɓa karantawa cewa wutar da ke bi ta cikin ƙananan naɗin waya tana sa su rawa, amma bai taɓa haɗuwa da wanda ya ji ba, balle mai shekara sittin.

"Wutar ce da kanta nake ji?" in ji Gwaggo.

"Ita ce."

Ta juyo ta dubi ɗan akwatin, ta sa tafin hannu a kansa a hankali, ta bar shi a nan ɗan lokaci. Sannan ta ce wa Sakatariya ta kira mata sabuwar mai sharar da za ta gaje ta, tana so ta nuna mata inda ake ajiye bokiti.